Katakon da Na Zaɓa wa Yaya Sale

Tun da muka dawo, ba na zama a ƙofar masallacinmu na unguwar Hindawiyya bayan sallah sai wani ya ce, "Bashir, ba mu labarin ƙasar ƙanƙara." Wasu sanyin suke son ji, wasu abincin, wasu kuwa so suke su ji yadda Yaya Sale ya tafi da ƙafafunsa ya dawo a keken marasa lafiya. Kullum rabin labarin nake bayarwa. Abin da nake faɗa gaskiya ne, amma wanda nake haɗiyewa ya fi shi nauyi. Ni direba ne, karatuna bai yi nisa ba, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Zan faɗi yadda abin ya faru tun daga farko, har da wurin da ba na so a ji.

Ga wanda bai san mu ba, a nan Jidda aka haife mu, ni da Yaya Sale, uwa ɗaya uba ɗaya. Kakanmu ne ya zo Hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Yaya ya bar makaranta ya koyi gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya riƙe gidan. Aikinsa duk a kan tsani yake. Ya hau da injin a kafaɗa, ya durƙusa a kan rufi, ya sauko, ya sake hawa. Da gwiwarsa yake ciyar da matarsa Yaya Rabi da 'ya'yansa da Ummanmu.

Ni kuwa ina tuƙa iyalin kafilina, wato Balaraben da ya tsaya mini nake aiki a ƙarƙashinsa. Duk lokacin sanyi suna zuwa duwatsun ƙasar Jojiya hutu, suna tafiya da ni don in tuƙa su a can. A can na koyi wasan da Larabawa ke kira tazalluj, mu ce zamiya: a ɗaura katako biyu dogaye a ƙafa, a sulalo daga kan dutse a bisa dusar ƙanƙara. Allah Ya ba ni hannu a abin, ni kuma na ɗauki kaina fiye da inda nake. In na dawo sai in riƙa nuna bidiyo a majalisa. Yaya yakan kalla ya ce, "Ya walad, wata rana sai ka kai ni na ga wannan firiza ta Allah." Wasa yake yi, ni ne na riƙe maganar. Bana kafilina bai yi tafiyar ba, ya ba ni hutu. Lokacin sanyi kuma aikin mukayyif yana ja baya. Na ce to, ga ranar da zan yi wa Yaya wani abu a rayuwa.

Umma ba ta so ba. Ta ce, "Mutum yana zaune lafiya a ƙasa mai zafi, me ya kai shi neman sanyi?" Yaya Rabi dariya ta yi, ta cika mana jaka da yaji da dabino da safa. Muka nemi izinin fita da dawowa wajen kafilanmu, aka duba iƙama, wato takardar izinin zama, muka hau jirgi.

Yaya bai taɓa zuwa ko'ina ba sai Makka da Madina da Ɗa'ifa, sai Kano sau ɗaya yana saurayi. A filin jirgin Tibilisi, babban birnin Jojiya, ma'aikacin shige da fice ya riƙe koren fasfonsa a hannu ɗaya, iƙama a ɗayan, yana dubawa yana sake dubawa. Ya tambaya da Turanci yadda aka yi mutum ɗan Najeriya ne amma haihuwar Jidda. Turancina na tuƙi ne, amma yana kai ni inda zan je. Yaya ba ya ji ko kaɗan.

"Me yake cewa?"

"Yana tambayar yadda muka zo Jidda."

"Ka ce masa da ƙafa. Kakanmu ya taka."

Na fassara. Mutumin ya ɗago ya dubi Yaya, ya yi ɗan murmushi, ya buga hatimi.

Mai motar da ya ɗauke mu zuwa dutse wani ƙato ne mai furfura. Duk cocin da muka wuce sai ya taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu, kuma cocin suna da yawa, sau da dama da hannun da ya kamata ya riƙe sitiyari yake yi. Hanyar tana nannaɗe dutse kamar ta hawan Ɗa'ifa, sai dai ta fi ta ƙunci, ga manyan motoci jere a gefe kamar ba su da ƙarshe. Yana wuce su a kan kwana. Ni da nake direba sai taka birkin da babu nake yi a ƙasan kujera. Yaya ya ce, "Shi yana kiran nasa, mu ma mu kira namu," ya fara hailala. Da muka kai inda fari ya rufe ko'ina, ya sa aka tsaya. Ya fita ya ɗebi dusar a hannu, ya murza, ya shinshina. Ya dubi duwatsun ya daɗe, sannan ya ce, "Subhanallah. Ni ina shan wahala in sanyaya ɗaki ɗaya." Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar ta yaro ranar Sallah.

Masaukinmu gidan wata tsohuwa ne da mijinta, suna ba da hayar ɗakunan sama. Sunanta ya yi wa Yaya wuyar faɗa, ya sa mata Inna, ita kuma ta amsa. A bakin ƙofa ake cire takalmi kamar a gidajenmu, sai a ba ka silifa na ulu. Murhun itace ne a tsakiyar falo, a kusurwa kuma hotunan addininsu da kyandir. Da ta ga mun shimfiɗa sallaya ta kashe talabijin ta fita a hankali. Ba mu roƙe ta ba.

Abinci ne ya so ya ba mu matsala. Ta kawo wani ƙullin fulawa mai nama da romo a ciki, kamar mantu da Buhariyawa ke sayarwa a Jidda amma ya fi shi girma. Na manta yadda ake cewa alade da yarensu. Kafin in buɗe waya Yaya ya tura hancinsa sama da yatsa ya yi gurnani. Inna ta yi dariya har ta dafa bango, ta je kicin ta dawo ta ɗora yatsu biyu a ka kamar ƙaho ta ce, "Muu." Duk da haka muka ce a bar mu da na cuku da dankali, tunda ba mu san wanda ya yanka ba. Ba ta ji haushi ba. Akwai kuma wani burodi mai kamar kwalekwale, cike da cuku, da ƙwai a tsakiya. Yaya ya barbaɗa masa yaji ya ce yanzu ya musulunta.

Suna da wata al'ada a wajen cin abinci. Ba mai shan abin da ke kofinsa sai maigida ya miƙe ya yi dogon jawabi, ya ambaci baƙi, ya ambaci iyaye, ya ambaci matattu. Mijin Inna ya zuba mana giyar da ya haɗa da kansa, muka ce a'a, aka sauya mana da shayi. Ya yi jawabinsa muna riƙe da kofi har shayin ya huce. Yaya ya ce, "Wannan da a Hindawiyya yake da shi za a riƙa ba wa addu'ar ɗaurin aure." Amma ya ji daɗin yadda suke tuna matattunsu a kan abinci, ya ce mu sai an yi rasuwa muke tunawa.

Washegari muka je shagon hayar kayan zamiya. A nan ne zan yi bayanin katakon, don in ba a gane shi ba ba za a gane laifina ba.

Katakon zamiya ba iri ɗaya ba ne. Akwai siriri, na hanyar da aka daddaɓe ta yi tauri. Akwai mai faɗi sosai, na dusar da ta zubo sabuwa mai zurfi, don ya riƙa yawo a samanta. Akwai kuma na tsakiya, wanda faɗinsa a ƙarƙashin ƙafa ya kai kamar tafin hannu, shi yana shiga ko'ina a dutsen: hanya mai tauri da safe, dusar da ƙafafu suka dagargaza da rana, har gefen hanya. Bayan faɗi sai tauri. Na masu koyo gajere ne mai laushi, in ka danna shi da hannu yana lanƙwasa, ko a hankali kake tafiya yana juyawa, in ka yi kuskure yana yi maka afuwa. Na masu gudu kuwa akwai farantin ƙarfe a cikinsa. Yana da nauyi, ka danna shi da ƙyar ya motsa. Amfaninsa shi ne in gudu ya yi gudu ba ya karkarwa, bakinsa yana kama ƙanƙara kamar wuƙa, tarin dusa kuma ratsa shi yake yi. Kamar babbar mota ce a hanyar Madina, sai ta ɗauki wuta take zama daram, amma ka shiga da ita lungun Hindawiyya ka ga wahala. Yana son ƙafa mai ƙarfi da mutumin da ke danna shi ta gaba. Wanda ya ji tsoro ya jingina baya, katakon ne zai tafi da shi.

Irin wannan na tsakiya mai tauri nake mafarki shekara guda. Da iyalin kafilina abin da aka miƙo mini nake karɓa, wannan karon ni ne mai zaɓe. Na shiga na ce wa mai shagon abin da nake so. Ya fito da guda uku, na danna kowanne a ƙasa, na duba bakinsu da farce, na ɗauki wanda ya fi tauri, baƙi, tsawonsa daidai kaina. Zuciyata fal.

Sannan mai shagon ya dubi Yaya, ya ga yadda yake tafiya cikin takalman nan masu tauri kamar an zuba masa siminti a ƙafa, ya shiga ciki ya fito da wani gajeren katako ruwan ɗorawa, duk ya kakkarce, da ƙyar ya kai Yaya ƙirji. Yaya ya dubi nasa, ya dubi nawa.

"To, ni na yara aka ba ni ke nan?"

Da dariya ya faɗa. Amma akwai wasu samari Larabawa a shagon, ɗayansu ya ce, "Ya ammi, awwal marra? Karon farko?" Sauran suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, ni ne na ji ta haka.

Kun san yadda aka tarbiyyantar da mu. Ƙarami ba ya hawa kujera babba yana ƙasa. Ba ya ɗaukar babbar tsoka a kwano. In an sayo yadi biyu, babba ke zaɓa. Na ga kaina riƙe da sabon kaya mai sheƙi, mutumin da ya raine ni kuma riƙe da tsohon na yara a gaban baƙi, sai kunya ta rufe ni. Hanyar da ta dace ita ce in ajiye nawa in karɓi irin nasa, mu zama daidai. Wannan tunanin ya zo mini, ba zan ce bai zo ba. Amma ban iya rabuwa da baƙin katakon ba. Sai na ce wa mai shagon ya kawo wa Yaya irin nawa.

Ya ce wannan ba na mai koyo ba ne. Ya tambaye ni, "Ya iya?"

Na ce, "Ya iya. Shi ya koya mini."

Ya sake duban Yaya, ya ɗaga kafaɗa, ya kawo.

"Me ya ce?" in ji Yaya.

"Cewa ya yi wancan ya yi wa girmanka kaɗan."

"Ato. Shi ma ya gani."

Saura abu ɗaya, shi ne mafi muni. A kan kowane katako akwai maɗaurin ƙarfe da ke riƙe takalmi. Ana ɗaure shi gwargwadon nauyin mutum da iyawarsa. Na mai koyo ana barinsa sako-sako, don in ya faɗi katakon ya fita ya bar ƙafar. Na gwani ana matse shi, don kada ya fita a tsakiyar gudu. Na san wannan sarai. Ina tsaye mai shagon ya ɗauki sukundireba ya matse na Yaya daidai da abin da na gaya masa. Ina kallo yana juyawa. Kalma ɗaya ta isa in tsayar da shi, amma samarin nan suna nan, kuma na riga na ce shi ya koya mini. Na ce a raina ai a filin masu koyo za mu tsaya, ba abin da zai faru.

A filin masu koyo Yaya ya sha wuya. Na nuna masa yadda ake haɗa bakin katakon gaba a buɗe bayansu don a tsaya, ya yi, amma katakon ya ƙi juyawa. Ga mata da tsofaffi da gajerun katakonsu suna kewaya shi. Ya faɗi, ya tashi, ya faɗi, yana dariya yana haki. "Wannan abin taurin kai gare shi kamar mai shi," in ji shi. Ni kuwa idona yana kan ƙololuwar dutsen. Ya lura.

"Yalla, je ka ka dawo. Na ga ranka yana can. Bari in huta."

Na tafi. Ba zan ɓoye ba, wannan saukowar ita ce mafi daɗi da na taɓa yi. Katakon ya yi duk abin da aka ce yana yi. Na kwantar da shi a gefe ya kama ƙanƙara bai zame ba, na ratsa tarin dusa ban ji ta ba, iska tana kuka a kunnena. Kusa da ƙasa cinyoyina suka fara rawa, na gane ko ni ya ɗan fi ƙarfina. Wannan ya isa ya zama gargaɗi. Ni kuwa sai ya ƙara mini giyar abin.

Na samu Yaya zaune a kan benci yana cin dabino. Na ce, "Yaya, katakon nan ba ya juyawa a hankali, sai da ɗan gudu. Wurin nan ya yi kwance da yawa. Mu hau sama kaɗan, akwai hanya mai sauƙi." Maganar gaskiya ce a kan katakon, amma ba wa mai koyo ita zalunci ne.

Ya dubi dutsen. "Kana ganin zan iya?"

"Za ka iya."

"Tayyib. Kai ne malamin."

Muka hau telefirik, abin hawan nan mai bin igiyar ƙarfe a sama, irin na Ɗa'ifa, sai dai wannan kujera ce a buɗe, ƙafafu suna lilo. Ya yi addu'ar hawa abin hawa, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu. Daga baya ya ce mini tun a nan ya so a koma, amma ya ji nauyin ya ce wa ƙaninsa yana tsoro bayan duk ɗawainiyar da na yi.

Farkon hanyar lafiya. Ina gabansa ina juyowa ina cewa ya danna gaba. Sai muka zo inda ta ɗan sunkuya. Katakon ya ɗauki gudu. Na ga ya jingina baya, hannuwansa sun tashi sama, ya wuce ni yana kiran sunana. Bai yi nisa ba. Bakin katakon dama ya cake a tarin dusa a gefen hanya, jikinsa ya juya, katakon bai juya ba, kuma bai fita ba. Na ji ƙarar daga inda nake.

Da na isa yana kwance, fuskarsa ta yi toka. Bai yi ihu ba, salati kawai yake yi a hankali. Katakon yana nan maƙale a ƙafarsa, ƙafar tana kallon inda bai kamata ba. Na sa hannu in cire na kasa. Masu ceto suka zo da jajayen riguna, ɗayansu ya danna maɗaurin da ƙarfi ya buɗe, suka naɗe shi a wani abu kamar makara suka ja shi ƙasa. Ina binsu a baya a kan baƙin katakona. Ban taɓa tsanar wani abu da na taka kamar yadda na tsane shi a lokacin ba.

A asibitin birni likita ya nuna mini hoto. Jijiyoyin gwiwa sun tsinke, kan ƙashin da ke ƙarƙashinta ya fashe. Suka ɗaure ƙafar, suka ce aiki sai kumburi ya sauka, gara a yi a gida. Muka koma wajen Inna kafin ranar jirgi. Ta sauko da shi ɗakinta na ƙasa kusa da murhu, ita da mijinta suka koma sama. Tana dafa masa romon kaza, tana zama kusa da shi tana magana da yarensu, shi yana ba ta amsa da Hausa, kowa yana gyaɗa kai. Mijinta ya sassaƙa masa sanda. Ranar da za mu tafi ta kama kan Yaya ta sumbaci goshinsa tana kuka. Mutanen da ba su haɗa komai da mu ba ke nan.

Duk kwanakin nan ina ɗauke masa ruwan alwala, ina juya shi, ina kai shi banɗaki. Sau da yawa maganar takan zo bakina ta koma.

Da muka sauka Jidda zafi ya tare mu a ƙofar jirgi, Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙasar mutane." Gidansa a hawa na uku yake, ba lif. Maƙwabta suka ɗora shi a kujera suka hau da shi. Umma tana tsaye a saman bene, ta dube ni kawai. Aka yi ta zuwa dubiya, daga unguwannin Bani Malik da Ammariyya, har daga Makka. Kowa ya tambaya sai Yaya ya ce, "Ƙaddara ce. Ni ne na yi rawar kai da tsufana. Amma Bashir, Allah Ya yi masa albarka, ya ɗauke ni kamar jariri." Sai a juyo a yi ta sa mini albarka. Wani dattijo ya dafa kaina ya ce kowa ya samu ƙani irina ya gode wa Allah. Da duka aka yi mini da ya fi mini sauƙi.

Aka yi aikin, aka sa ƙarfe, aka shiga gashi da motsa ƙafa wata da watanni. Kullum tambayar Yaya ga likita ɗaya ce: yaushe zai hau tsani? Likitan yana ta cewa a jira. Zafi ya shigo, wayarsa tana ta ƙara, masu gidajen da ya shekara yana yi wa aiki suna nemansa, yana tura su wajen wani. Ranar da likitan ya faɗi gaskiya ni na kai shi. Ya ce tafiya za ta samu, amma gwiwar ba za ta ƙara lanƙwasa sosai ba, kuma hawa da kaya a kafaɗa ya ƙare.

A hanyar komawa gida na tsaya a gefen titi kafin mu shiga unguwa, na kashe injin. Na gaya masa komai: katakon da aka fara ba shi shi ne daidai, tambayar da mai shagon ya yi, amsar da na bayar, fassarar ƙaryar da na yi masa, da maɗaurin da aka matse ina kallo. Na ce da an bar shi sako-sako, mai yiwuwa da katakon ya fita ya tashi yana dariya kamar sauran faɗuwarsa.

Ya juyo ya dube ni.

"Kai ka ce masa na iya?"

"Ni na ce."

"Kuma ka san abin da ƙarfen yake yi."

"Na sani, Yaya."

"Me ya sa?"

"Kunya na ji a ba ka na yara ni ina riƙe da babba."

"Da sai ka ajiye babban."

Ya ce in tayar da mota.

Ya yi kwanaki ba ya yi mini magana sai amsa sallama. Bai gaya wa Umma ba, bai gaya wa Yaya Rabi ba. Ni na je na gaya musu da bakina, kuma abin da suka ce mini na cancanta, ba sai na rubuta ba. Wata Juma'a na je ɗaukarsa, yana zaune yana fama da sa takalmi, na durƙusa na sa masa. Na ce, "Yaya, don Allah ka yafe mini."

Ya ce, "Halas, Bashir. Ni na yafe. Gwiwar ce ba ta san yafiya ba, sai dai mu yi haƙuri da ita, ni da kai."

Yanzu yana zama a shagon wani abokinsa da ke sayar da kayan gyaran mukayyif a Bani Malik. Abin da yake samu bai kai na da ba, ina cikawa da abin da Allah Ya hore, kuma na san ba biya ba ne. Masu tambayata ko su ma su je, ku je, ƙasa ce mai kyau da mutanen kirki. Wanda ya iya ya ɗauki katako mai tauri, zai ji daɗinsa. Wanda bai iya ba ya karɓi gajeren, ko da shi ne babba a gidansu. Wanda kuma ya sa mini albarka a ɗakin dubiya, ga abin da ya sa wa albarka, in ya so ya janye.

A masallaci Yaya a kujera yake sallah yanzu, a ƙarshen sahu, jikin bango. Ni nake ɗauko masa ita, kuma kusa da shi nake tsayawa. In liman ya yi kabbarar sujada, duk sahun ya tafi ƙasa, ni ma in tafi. Goshina yana ƙasa nake jin kujerar tana ƙara a samana, yana sunkuyawa iyakar inda zai iya.